Zare: Yadda ake bin sawun rabon mulkin da Shehu ya yi a Sifawa, 1812

1/ Kusan kowa ya san Degel da Gudu da Tabkin Kwatto, amma Sifawa sai a ambace ta a layi ɗaya a wuce. Alhali nan Shehu Usmanu ya zauna kusan shekara biyar kafin ya koma Sakkwato a 1815. A kanta nake aikin kammala digirina, bari in nuna muku yadda nake nemo asalin labarin.

2/ Abu na farko, ka matse tambayarka. "Tarihin jihadi" teku ne, ba ka iya shanye shi. Ni abu guda na kama: a 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Wa ya ga abin da idonsa? Wa ya rubuta, kuma yaushe?

3/ Sai ka fara da littattafan masana na baya-bayan nan, amma don su nuna maka hanya kawai. Littafin Murray Last kan Daular Sakkwato na 1967 ya fi amfani a ƙasan shafi, wurin ƙananan rubutun nan da muke tsallakewa. Can yake faɗin rubutun hannun da ya dogara da shi. Ka kwafe sunayen, ka bi su ɗaya-ɗaya.

4/ Daga nan sai waɗanda aka yi abin da su. Bello ya kammala Infaƙul Maisur a 1812. Abdullahi, wanda ke zaune a Boɗinga nan kusa, ya haɗa Tazyinul Waraƙat a 1813. Shehu da kansa ya rubuta Najmul Ikhwan a 1812. Ka ga mutum uku da rabon ya shafa, duka da alƙalami a hannu a lokacin.

5/ Akwai kuma na kusa da gida da suka rubuta bayan rasuwar Shehu: Waziri Giɗaɗo mai Raudul Jinan, da matarsa Nana Asma'u, wadda Waƙar Gewaye tata ta bi wuraren da Shehu ya zauna. Shaida ce mai ƙarfi, sai dai ka riƙa tuna cewa Giɗaɗo wazirin Bello ne.

6/ Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a, aka ɗan samu sanyin dangantaka da Abdullahi har sai da suka daidaita a yaƙin Kalambaina. To duk wanda ya ba da labarin 1812 bayan 1817 ya riga ya san abin da ya biyo baya. Ba ƙarya ya yi ba, amma sanin ƙarshen labari yana sauya yadda ake faɗin farkonsa.

7/ Ka kuma nemi muryar wanda bai ji daɗi ba. Abdussalam, almajirin Shehu, ya ga kason da aka ba shi bai kai ba, ya yi tawaye daga Kware. Ƙorafinsa ya iso mana ne ta Sardul Kalam, kuma Bello ne ya rubuta shi. Wato kana jin mai ƙara ta bakin wanda ake ƙara. Ka karanta da wannan a ranka.

8/ Yanzu kwanan wata, inda ake yawan faɗa a nan. Wani ya ce Shehu ya zo Sifawa 1809, wani ya ce 1810. Su da Hijira suke lissafi. Shekarar 1224 ta fara a Fabrairun 1809, ta ƙare a Fabrairun 1810. Sau da yawa rigimar ta masu juya shekara ce kurum. Kullum ka rubuta shekarar Hijira tukuna, sannan ta Miladiyya.

9/ Wani tarkon: malamanmu kan rubuta shekara da haruffa, wato ramzi. A lissafin Magrib da suke bi, shinun dubu ce. A lissafin gabas ɗari uku ce. Ka ɗauki teburin da ba shi ba daga intanet, ka ɓata da shekara ɗari bakwai a zama ɗaya.

10/ Idan aka miƙo maka rubutun hannu, fara duba shafin ƙarshe. Wani lokaci shekarar da ke nan ta mai kwafi ce, ba ta mawallafi ba. Sannan ka ɗaga takardar ga haske. Da yawansu za ka ga tambarin jinjirin wata uku, takarda ce daga Italiya da ta ratso Sahara. Tana taimakawa wajen ƙiyasta shekarun kwafin.

11/ Ina ake samunsu? A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da Cibiyar Nazarin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Kaduna akwai Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa. Ka je da takardar gabatarwa daga sashenku, da haƙuri mai yawa.

12/ Hattara da fassara. Abin da Arnett ya fitar a 1922 daga Infaƙul Maisur taƙaitawa ce da bakinsa, ba kalma da kalma ba. In Larabcinka bai nuna ba, ka zauna gaban malamin zaure ku bi matanin tare. Ni haka nake yi, kuma ya fi kowace manhaja.

13/ Daga ƙarshe ka taka zuwa Sifawa da kanka, ba nisa daga Boɗinga. Ka gaida dattawa, ka tambayi kowa shi kaɗai, kuma kar ka manta tambaya ɗaya: "Baba, daga wa kuka ji?" In amsar ta koma ga kakansa, ka samu riwaya. In ta koma ga shirin rediyo, littafin da ka karanta ne ya zagayo ya dawo maka.

14/ Abin da ke damuna shi ne lokaci. Dattawan suna tafiya, gara da ruwan damina na cin takardun da ke cikin gafaka a gidajenmu. In akwai irinsu a gidanku, nemi izini ka ɗauki hoton kowane shafi, har da na ƙarshe, ka bar su a jere yadda ka same su.

15/ 'Yan Boɗinga da Shagari, duk mai riwaya kan zaman Shehu a Sifawa ya ajiye mana a ƙasa, tare da wanda ya ji daga gare shi. Allah Ya jiƙan magabata.