Daga Danja zuwa Kara-Kara: yadda muka yi da masu kuturta

Yau tarihinmu ya shafi wasu mutane da muka daɗe muna ba su sadaka daga nesa.

Manyanmu sun san yadda abin yake. Mutum na cikin gidansa da gonarsa, sai a ga tabo a jikinsa wanda ko an tsikare shi ba ya jin zafi. Daga ranar an ware masa ƙwarya da tabarma. Aure ya mutu, kasuwa ta gagara, a masallaci kowa ya ja gefe. Da yawa sai su bar ƙauye su shigo birni, su shiga bara ƙarƙashin Sarkin Kutare. Har karin magana muka yi musu, "kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano", wato sai da kuɗi ake ganin mutuncinsa.

Wannan gudun shi ya ƙara wa cutar ƙarfi. Wanda ya ga tabo sai ya ɓoye, don ya san abin da ke jiransa. Kafin ya je likita jijiyoyi sun lalace, hannu ba ya jin wuta, ƙafa ba ta jin ƙaya, gyambo ya ci yatsu. Dungulmin da muke ƙyama, jinkiri ne ya haife shi, jinkirin kuma tsoronmu ne ya jawo shi.

Tun 1873 wani likitan ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar. Ba gado ba ce, ba sammu ba, ba kuma cin kifi da nono ba ne kamar yadda ake faɗa mana muna yara. Kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya ma kama ta.

A nan kudu da Maradi, a 1956 ƴan mishan na SIM suka buɗe gidan jinyar kuturta a Danja. A lokacin magani ɗaya ake sha, shekara da shekaru, wasu har ƙarshen rayuwa. A 1981 hukumar lafiya ta duniya ta kawo haɗin magunguna da ke warkarwa cikin wata 6 zuwa 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi. Da zarar mutum ya soma sha, ya daina sa wa wani.

Cuta ta samu magani, amma sunan ya ƙi fita. Ku dubi Kara-Kara a Damagaram, unguwar da aka san ta da zaman masu kuturta a gefen gari. Ƴaƴa da jikoki lafiyarsu lau, amma suka tashi da tambarin iyayensu. Da yawa ba takardar haihuwa, ba lakkol, ba aiki. A nan aka samu ƙungiyoyin matasa da ake kira "palais". Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, ƴar garin, wanda ya fito a 2021, ya nuna su suna ɗaga ƙarfe, wasu na fasa dutse, wasu na shigo da mai daga iyaka. Mun kore kakanni, sannan muka dawo muna tsoron jikoki. Wannan kam a ganinmu laifin gari ne kafin ya zama na yara.

Abin da ya yi aiki a Danja ba boyayye ba ne. Wurin ya buɗe ƙofa ga kowane marar lafiya, mai masassara da mai ciki da mai tabo duk ƙofa ɗaya suke shiga, sai zuwa can ya daina zama abin kunya. Waɗanda suka warke aka koya musu kula da hannu da ƙafa, da sana'ar da za ta raba su da bara. A 2012 aka buɗe sashen masu yoyon fitsari a wurin, matan da su ma ake warewa a bayan gida saboda wari. Ana yi musu aiki, a koya musu sana'a kafin su koma garinsu.

Duk Lahadin ƙarshe ta watan Janairu ake ranar masu kuturta ta duniya, wadda Raoul Follereau ya kafa a 1954. Kafin ta zagayo, wanda ya ga tabo mai haske marar jin zafi a jikinsa ko na ɗansa, ya je likita mafi kusa a duba.