Torsten Wiesel da Binciken Yadda Ƙwaƙwalwa Take Gani

An haifi Torsten Wiesel a birnin Uppsala na ƙasar Suwidin cikin 1924, ya sami digirin likita a Cibiyar Karolinska cikin 1954. Shekara guda bayan haka ya tafi Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, inda ya zauna a ƙarƙashin Stephen Kuffler, malamin da ya nuna cewa jijiyoyin bayan ido suna amsa wa ɗigon haske. Abin da ya saura shi ne a san yadda ƙwaƙwalwa take sarrafa saƙon da ido ya aika mata.

Cikin 1958 sai David Hubel, haifaffen Kanada, ya iso wurin, ɗauke da siririyar waya wadda ya ƙera don sauraron ƙwayar jijiya guda ɗaya. Suka sa wayar a sashen gani na ƙwaƙwalwar kyanwa, wato wajen ƙeya, suka yi ta haska mata ɗigo iri iri, amma ƙwayar ba ta motsa ba. Ana nan, suna cikin zura gilashi a majigi, sai inuwar gefensa ta gitta, nan take ƙwayar ta amsa. Da haka suka gane cewa kowace ƙwaya tana da irin layin da take amsa wa: wata tsayayye, wata kwantacce, wata kuwa karkatacce. Suka buga sakamakon cikin 1959, shekarar da suka bi Kuffler zuwa Jami'ar Harvard.

Binciken da ya fi shafar jama'a ya fito cikin 1963. Sun rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa tun suna jarirai, da aka buɗe bayan 'yan watanni sai aka tarar idon lafiya lau, amma ƙwaƙwalwa ta daina sauraronsa. Daga baya suka tabbatar cewa babbar kyanwa ba ta samun wannan illa, don haɗarin yana cikin watanni uku na farko ne. Wannan ya ƙarfafa wa likitoci hujjar gaggauta cire yanar ido ga jariri, da gyara harara-garke tun yaro yana ƙarami, domin jinkiri kan bar shi da raunin gani har abada.

Cikin 1981 aka ba Wiesel da Hubel kyautar Nobel, tare da Roger Sperry.