Amsoshin Wasiƙunku: Asalin Piya da Haɗarinta ga Dabbobi

Wani ɗan tireda daga Zauro ya aiko mana da wasiƙa. Ya ce ya fara saro piya a kasuwar Birnin Kebbi, yana son jin asalinta, kuma ko zai iya zuba wa awakinsa waɗanda suka yi kwantai. To Malam, ga amsa.

Ita dai piya, wadda Turawa ke kira avokado, asalinta ƙasar Meksiko ce da maƙwabtanta. Mutanen can sun shafe dubban shekaru suna cin ta kafin zuwan Turawan Sifen. A 1519 wani ɗan Sifen, Martin Fernandez de Enciso, ya ba da labarinta a littafinsa, daga baya 'yan jirgin ruwa suka yaɗa irinta a duniya. A 1926 wani mai raba wasiƙu a Kalifoniya ta Amurka, Rudolph Hass, ya shuka wata bishiya a gonarsa. Irin nan nasa mai kaushin ɓawo shi ne ya mamaye kasuwannin duniya. A ƙasarmu kuwa, ta fi karɓar Filato da Mambila da Kudu, domin zafin bazararmu ya fi ƙarfinta.

Ga ɗan Adam abinci ne mai kyau. Wajen kashi 15 cikin 100 na tsokarta mai ne, irin wanda ba ya cutar da zuciya. Ba ta nuna a bishiya, sai an tsinke ta. In kana sauri, haɗa ta da ayaba cikin takarda. In ta yi laushi a raba biyu, a cire ƙwallon, a barbaɗa gishiri ko a shafa a burodi.

Amma fa dabbobi, a kul! Ganyenta da ɓawonta da ƙwallon, har da tsokar, suna ɗauke da wani sinadari mai suna fasin. Akuya ko saniya mai shayarwa in ta ci, hantsarta kan kumbura, nono ya ragu. In ta ci da yawa yakan taɓa zuciya, har a yi asara. Doki da zomo ma haka. Aku da kanari kuwa, kaɗan ya isa ya kashe su. Kare ya fi jurewa, sai dai ƙwallon kan toshe masa hanji.

Saboda haka Malam, abin da ya ruɓe a binne shi. Asarar piya biyar ta fi asarar akuya sauƙi. In kuwa dabba ta riga ta ci, a garzaya wurin malamin dabbobi.

Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.