Haƙoran Aksul Na Baya: Ƙarfi Ko Gudu?

Wani mai sauraronmu, ɗan tireda, ya aiko yana tambaya: wai gaskiya ne in an canja haƙoran aksul na baya mota za ta ƙara gudu? To malam, gaskiya ne, amma kunun akwai magani a ciki. Dabarar kuwa ta girmi kakanka.

A 1908 kamfanin Ford na Amurka ya fito da Model T, mota mai giyar gaba biyu kacal. A cikin aksul ɗinta akwai ƙaramin faifai mai haƙora 11 da ke juya babba mai haƙora 40, wato sai farfela ta juya sau uku da rabi da 'yan kai kafin taya ta zaga sau ɗaya. Manomin da ke fama da hawa da taɓo sai ya sa mai haƙora 10, motar ta ja kaya kamar takarkari, gudu kuwa sai haƙuri. Masu son gudu suka koma 13 da 39. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba laifi, amma a gindin tudu sai mota ta yi ta nishi.

Ga abin da ya fi haɗari: birkin ƙafa na Model T a cikin giya yake kamawa, ba a taya ba. Haƙoran gudu sukan rage masa ƙarfi, musamman a gangara da kaya niƙi-niƙi.

A shekarun 1920 aksul ɗin Ruckstell mai gudu biyu ya yi kasuwa. Direba na zaune zai ja sanda ya zaɓi wanda hanya ta nema.