Baje Kolin da Ba a Ɗauko Kaya: Yadda Kasuwar Tafiye-tafiye ta Berlin ta Buɗe Ƙofa, Sannan ta Rufe

A watan Satumba na 1966, masu baje koli tara daga ƙasashe biyar suka kafa rumfuna a wani ɓangare na filin baje kolin Berlin ta Yamma. Ƙasashen su ne Masar, Iraƙi, Gini, Burazil da Jamus ta Yamma. 'Yan kasuwar da suka leƙa wurin ba su wuce 250 ba. Abin da aka kasa a rumfunan kuwa ba ya shiga buhu, ba ya hawa sikeli: hotunan dalar Giza ne, da jadawalin jiragen sama, da farashin ɗakunan otal. Wannan ɗan taro, wanda Manfred Busche ya ƙirƙiro, shi ne mafarin ITB Berlin, baje kolin yawon buɗe ido da daga baya ya zama mafi girma a duniya.

Zaɓin garin kansa abin dubawa ne. Shekara biyar ke nan da gina katangar Berlin, kuma yammacin birnin ya zama kamar tsibiri a tsakiyar Jamus ta Gabas. Mutanen da katanga ta kewaye su ne aka kawo wa tallar duniya, alhali 'yan uwansu da ke ƙetaren katangar ba su da ikon tsallakowa ko da unguwar da suke hangowa.

Sai dai alaƙar baje koli da tafiya ta girmi Berlin da fiye da ƙarni guda, kuma da farko a juye take: mutane ne ke yin tafiya domin ganin baje koli. A 1851, lokacin da aka buɗe Babban Baje Koli na Landan a cikin wani katafaren gini na gilashi da ƙarfe, wani mai wa'azin yaƙi da shan barasa mai suna Thomas Cook ya shirya wa mutane kimanin 150,000 tafiyar jirgin ƙasa zuwa kallo. Shekara goma kafin nan ya gwada dabarar da mutum kusan 500, daga Leicester zuwa Loughborough, a kan sule ɗaya kowa. Abin da Cook ya gano shi ne talaka ma zai yi tafiya idan wani ya ɗauke masa wahalar lissafi, ya haɗa masa tikiti da masauki a farashi guda. Kamfaninsa ya bunƙasa har gwamnatin Ingila a Indiya ta damƙa masa jigilar alhazai zuwa Jidda daga 1886 zuwa 1893. Duk maniyyacin da ya taɓa biyan kuɗin kujera a dunƙule ya san irin wannan ciniki, ko da bai san sunan Cook ba.

Kafin tafiya ta zama hajar da za a baje, sai da abubuwa biyu suka haɗu a Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu: hutu mai albashi da jirgin sama mai araha. Jamus ta Yamma ta kafa dokar hutun shekara ga ma'aikata a 1963. Jirgin Boeing 747 ya fara ɗaukar fasinja a 1970. Ma'aikacin masana'anta ya samu makonni a hannunsa da kuɗi a aljihunsa, tambayar da ta rage ita ce ina zai je. Alƙaluman hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna masu tsallaka iyaka domin ziyara sun tashi daga miliyan 25 a 1950 zuwa kusan biliyan ɗaya da rabi a 2019. Sauran birane suka bi sahu: Landan ta buɗe World Travel Market a 1980, Madrid ta kafa FITUR a 1981, Dubai ta fara nata a 1994.

Shekaru da dama ITB kasuwa biyu ce a rufi ɗaya. Ranakun farko na 'yan kasuwa ne. Mai otal daga Mombasa ko Antalya zai zauna da wakilin kamfanin shirya tafiye-tafiye na Jamus su yi cinikin ɗakuna ɗari-ɗari na kakar da ba ta zo ba tukuna, kamar yadda dillalin hatsi ke saye tun amfani yana gona. Kuɗin gaske a nan yake. Asabar da Lahadi kuma a buɗe ƙofa ga jama'ar gari. Iyalai su shigo da jakunkuna, su bi zaure-zaure, su ɗanɗana dabino a rumfar wannan ƙasa, su kalli rawa a ta waccan, su koma gida da tulin ƙasidu masu sheƙi da za a baje a kan tebur ana gardamar inda za a je hutun bazara. Wanda ya taɓa yini a baje kolin Kaduna zai gane yanayin, bambancin kawai shi ne a nan ba a fita da injin niƙa ko atamfa, da shawara ake fita. A 2019 masu rumfuna sun kai kimanin 10,000 daga ƙasashe sama da 180.

Ga gwamnatoci, rumfa a Berlin ta wuce talla. Wuri ne na gyara suna. Masar ta karɓi baƙi miliyan 14.7 a 2010. Bayan juyin juya halin 2011 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 10. A watan Maris na 2012 sai ga ta a matsayin babbar baƙuwar ITB, ta zo ta shaida wa Turawa cewa Luxor da gaɓar Bahar Maliya suna nan lafiya. Botsuwana ta samu wannan matsayi a 2017. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce girman rumfa yana nuna girman kasafin ma'aikata ne, ba lallai kyawun ƙasa ba, kuma mai ƙaramin kamfani daga Afirka yakan fara da neman bizar shiga Turai kafin ya samu damar gayyatar Bature zuwa garinsu.

Abin da ya karya ɓangaren jama'a bai zo da hayaniya ba. Intanet ta kwashe aikin ƙasida sannu a hankali. Mai neman inda zai je ya koma kallon Instagram da YouTube, yana kwatanta farashi a wayarsa, yana karanta ƙorafin waɗanda suka riga shi kwana a otal ɗin, abin da babu wata rumfa da za ta nuna masa. A watan Satumba na 2019 kamfanin Thomas Cook ya durƙushe bayan shekara 178, har sai da gwamnatin Birtaniya ta yi jigilar dawo da matafiya kusan 150,000 da suka maƙale a ƙasashen waje. Wata biyar bayan haka, ranar 28 ga Fabrairu 2020, aka soke ITB saboda annobar korona, saura kwanaki kaɗan a buɗe. Tarukan 2021 da 2022 ta intanet aka yi su.

Da aka dawo zaurukan a watan Maris na 2023, an rage taron zuwa kwana uku a tsakiyar mako, kuma 'yan kasuwa kaɗai ake bari su shiga. Ta fuskar lissafi hukuncin yana da hujja, domin masu biyan kuɗin rumfa kwangila suke nema, ba raba ƙasidu ba. Amma an yi asarar wani abu da waya ba ta maye gurbinsa ba. Manhaja tana kawo wa mutum irin abin da ya riga ya nema ne. A zauren baje koli kuwa mai neman rairayin bakin tekun Sifen yana iya ɓatan hanya ya faɗa rumfar Uzbekistan, ya tsaya hira da mutumin da aka haifa a Samarkand. Madrid dai ba ta bi Berlin ba: FITUR, da ake yi kowane watan Janairu, har yanzu tana ware ranakun ƙarshen mako ga duk wanda ya sayi tikiti.