Me ya sa ganye ke sauya launi? Darasin da ke tsaye a gonakin Illela

Littattafan yara da ake bugawa a Turai da Amurka kan nuna bishiyoyi sun yi ja da rawaya a watan Oktoba. Yaron da ya tashi a Illela, garin da ke kan iyakar Jihar Sokoto da Birnin Konni, bai taɓa ganin daji ya yi haka ba. Amma abin da ke haddasa sauyin yana faruwa a idonsa duk shekara.

Koren ganye ya samo asali ne daga sinadarin kulorofil, wanda tsiro ke kama hasken rana da shi domin haɗa abinci daga ruwa da iska. Akwai kuma sinadarai masu launin rawaya a cikin ganyen tun farko, koren ne ya rufe su. Idan yanayi ya tsananta, bishiya kan daina sabunta kulorofil, ta janye abin amfanin da ke ganyen zuwa rassa da saiwa. Sai rawayar ta bayyana, gindin ganyen ya toshe, ya faɗi. Jan launi kuwa sabon sinadari ne da wasu itatuwa ke ƙerawa daga sukarin da ya saura a ganye.

A ƙasashen sanyi, gajartar yini da sanyi ne ke ba da wannan umarni. A Illela ƙishirwa ce. Da ruwa ya ɗauke, kaka ta wuce, hunturu ya kama, kuka kan zubar da ganyenta kaf, domin ta ganye ruwa ke tsere wa bishiya.

Gawo ne ya saɓa wa kowa. Da damina yakan tsaya tsirara kamar ya mutu, sai da rani ya yi kore shar, saboda saiwarsa na kaiwa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Don haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa ya zama taki, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙare. Manoman Maradi da Damagaram sun yi aiki da wannan sani: tun shekarun 1980 suke barin itatuwa su sake tofowa a gonakinsu, ciki har da gawo, aikin da aka ƙiyasta ya farfaɗo da fili kusan hekta miliyan 5. Jihar Sokoto, wadda ke cikin jihohi 11 da hamada ta fi yi wa barazana a Najeriya, ba ta da uzurin barin yaranta su ɗauki gawo itacen wuta kawai.

Koyar da darasin bai buƙatar kasafi. Malami ya kifa ƙwarya a kan ɗanyar ciyawa, bayan mako guda yara su ɗaga: za su tarar ta koɗe ta yi rawaya, don babu kulorofil sai da haske. Sai ya bambance musu cewa rawayar ganyen masara a tsakiyar damina, musamman na ƙasa, ba kaka ba ce. Sau da yawa rashin taki ne.