Daga dillali zuwa ƙirƙirarriyar basira: wa ke tsaya wa maganar talla?

Tun ranar 30 ga Nuwamba 2022, da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, rubuta talla ya zama aikin minti guda. Mai atamfa a babbar kasuwar Maradi ko mai kilishi a Yamai yana iya gaya wa salularsa abin da yake so, ta tsara masa zance, har ta haɗa masa hoto. Kafin mu yanke hukunci kan wannan baƙon abu, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda magabatanmu suka tallata hajarsu.

A zamanin fatake, ayari kan tashi daga ƙasar Hausa da kanwa da fatu da tufafi, ya nufi Gwanja ya komo da goro. Raƙuman Buzaye kuma suna sauko da gishirin Bilma zuwa Damagaram. Baƙon da ya shigo gari da kaya ba ya da wanda ya san shi, saboda haka sai ya sauka gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Dillali ne ke kuranta haja, ya yi ciniki, ya karɓi la'adarsa. Amma maganarsa ba ta iska ba ce. Gobe ma a wannan kasuwa zai zauna, kuma kowa ya san gidansu. In ya ce doki lafiya lau yake, sai ga shi yana ɗingishi, wurinsa za a komo, in abu ya yi tsanani a kai gaban sarkin kasuwa ko alƙali. Haka yarinya mai tallan fura: ba ita ake saye ba, sunan gidan da aka dama furar ake saye. Ko maroƙi da ke wasa attajiri, sai in akwai hannun kyauta a bayan kirarin jama'a ke gaskata shi.

Da Turawan Faransa suka kafa mulki, kantunan kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka buɗe a garuruwan gyaɗa. Ba su san manoma ba, don haka suka nemi ƴan gari, suka ba su kuɗi a hannu su sayo musu gyaɗa a ƙauyuka. A kan wannan amana ne da yawa daga cikin Alhazan Maradi suka fara kafa arzikinsu, kafin gwamnati ta kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin gyaɗar. A wannan zamanin ne kuma tambari ya shigo. Wanda bai yi boko ba yana gane kaya da hoton da ke jikin kwali ko gwangwani. Wasu sunayen sun kama baki har suka zama sunan abin gaba ɗaya: duk dunƙulen miya Maggi ne, duk garin sabulu Omo ne.

Sai rediyo. An buɗe Radio Niger a 1958, wadda daga baya ta koma Muryar Sahel. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 aka sakar wa masu zaman kansu mara, gidaje irin su Anfani suka bayyana, ƙaramin ɗan kasuwa ma ya samu damar biyan kuɗin sanarwa. A nan ma murya sananna ce: mutane sun san mai gabatarwa, sun san inda gidan rediyon yake. Salula ta yaɗu daga farkon shekarun 2000, Facebook da WhatsApp suka biyo baya, matar aure ta samu hanyar sayar da turaren wuta da lesi daga cikin ɗakinta.

Abin da ya haɗa duk waɗannan zamunna shi ne, a bayan kowace maganar talla akwai mutum mai suna, wanda zai ji kunya in ƙarya ta fito. Ƙirƙirarriyar basira ce mai talla ta farko da ba ta da gida, ba ta da dangi, ba a kai ta gaban alƙali. Yadda take aiki shi ne, an ciyar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, tana hasashen kalmar da ta dace ta biyo wata. Ba ta taɓa ɗanɗana kilishinka ba, amma za ta rubuta cewa babu irinsa. In ka ce ta tallata maganin gargajiya, tana iya jero cututtukan da kai kanka ba ka ce yana warkarwa ba. Duk nauyin da dillali ke ɗauka a da ya komo kan mai kaya.

Saboda haka a ɗauke ta a matsayin magatakarda. Kai ne za ka ba ta gaskiyar hajarka: albasar Galmi ce ko ta wani wuri, buhu nawa, a ina ake ɗauka. In ta rubuta, ka karanta kafin ka tura. Hausar da ta koya mafi yawanta ta rubuce-rubucen Najeriya ce, don haka tana iya sa maka naira a inda ake cinikin sefa. Ba lalle ta san cewa a nan da dala muke lissafi ba: in mai saye a Tawa ya ji "ɗari", sefa 500 yake nufi, jika kuma sefa 1000. Kuskure ɗaya a farashi ya isa haɗa rigima da wanda ya taso daga nesa.

Batun hoto ya fi wannan haɗari. Na'ura na iya zana takalmin fatar jar akuyar Maradi da ya fi wanda ke shagonka kyau. Tura irin wannan hoto daidai yake da ɗora busasshen hatsi a kan jiƙaƙƙe, abin da addininmu ya hana tun fil azal. A ɗauki hoton kayan da ke hannu; in za a gyara, a tsaya ga haske. Kada kuma a ari murya ko fuskar wani malami ko mawaƙi a sa masa maganar da bai yi ba, kuma kada a zuba wa na'ura lambobin abokan ciniki da bashin da ake bin su.

Amfaninta a fili yake: tana fassara talla zuwa Faransanci don mutanen Yamai da Kwatano, tana taƙaita dogon zance, tana taimaka wa wanda rubutu ke ba wuya. Sai dai ranar da mai saye ya buɗe kaya ya ga ba abin da aka faɗa masa ba ne, ba OpenAI zai kira ba. Lambarka ce a ƙasan tallar.